Na taɓa kuɗin kayan ɗakin ƙanwata saboda gem ɗin ƙwallo

Assalamu alaikum Yaya. Ni saurayi ne ɗan shekara 24, ina aiki a shagon sayar da kayan waya, ana biyana naira 60,000 a wata. Wata biyar da suka wuce Hajiyarmu ta kwashi adashi, naira 400,000, ta ce in ajiye mata a asusuna tunda ita ba ta saba da harkar banki ba. Kuɗin kayan ɗakin ƙanwata ne, za a ɗaura mata aure bayan babbar salla. Akwai wani gem na ƙwallo da muke bugawa a waya ni da 'yan majalisarmu. Da can ba mai iya cina. Sai suka fara sayen 'yan wasa da kuɗi, na koma abin tsokana. Na ce bari in ari 5,000 in sayi sulallan wasan, in mayar ƙarshen wata. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Jiya na duba na ga saura 254,000, kuma ɗan wasan da nake nema har yau bai fito ba. Wani abokina ya ce in ƙara juyi kaɗan, wato in sake biyan sulalla in buɗe fakitin 'yan wasa ko zan dace, in ya fito sai in sayar da akawun ɗin da tsada in cike gurbin. Wani kuma ya ce in ci bashi a manhajar waya. Ba na iya barci. Hajiya ta fara maganar zuwa wajen kafinta. Don Allah Yaya me zan yi?

Ƙaninka, daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanina.

Kada ka ƙara juyi ko ɗaya. Kada ka ci bashin manhaja. Ka mayar wa Hajiya da ragowar kuɗinta, ka faɗa mata gaskiya cikin wannan makon, tun kafin ta ce maka tura wa kafinta kafin alƙalami. Wannan ita ce shawarata, kuma na san ta ukun ce ta fi maka nauyi, shi ya sa zan daɗe a kanta in mun zo wurin. Amma bari mu fara da wasan, domin ka ce ba ka san yadda aka yi ba, ni kuwa ina so ka sani.

Lokacin da muke samari gidan gem muke zuwa. Benci ne da talabijin da PlayStation 2, ka ba mai shago 'yan canjinka, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa. Ɗan Alhaji da ɗan mai faci in suka ɗauki Brazil, Brazil ɗin ɗaya ce a hannun kowa, yatsa ne kawai yake raba su. Kamfani ya riga ya ci kuɗinsa tun ranar da aka sayi faifan, ba ruwansa da wanda ya yi nasara. Yanzu kuwa wasan kyauta ake ba ka, ka sauke a waya ba ko kwabo. To banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu zane da masu haɗa manhaja da injinan da ke riƙe da wasan dare da rana duk kuɗi suke ci, kuma daga aljihun masu bugawa za a fitar da su.

Sayayyar cikin wasa iri biyu ce. Akwai ta ado: riga, takalmi, salon murnar cin ƙwallo. Wanda ya saya ya yi kyau a ido, amma bai fi ka ƙarfi ba. Akwai kuma wadda ake sayar maka da ƙarfi, ɗan gaba mai gudun da bayanka ba za su kamo shi ba, ko gola da ƙwallo ba ta wuce shi. Wannan ta biyun ce ta same ka. Ka ce da can ba mai iya cinka, kuma na yarda da kai. Iyawarka tana nan yadda ka san ta. Abin da ya canja shi ne an buɗe kasuwa a tsakiyar fili, abokanka suka shiga suka yi sayayya, sai ka wayi gari kana fafatawa da aljihunsu alhali kai kana zaton da yatsunsu kake yi. Zafin da ka ji a majalisa, ana dariya ana cewa yau ma an ba ka biyar, shi ne ainihin abin da ake so ka ji. Mutumin da yake cin wasa cikin kwanciyar hankali ba ya sayen komai.

Kuma ba ƙaramar kasuwa ba ce. Kamfanin EA na Amurka, wanda ya yi shekaru yana fitar da wasan FIFA, ya bayyana a rahotonsa na shekarar kuɗi ta 2021 cewa sashen Ultimate Team kaɗai, wato inda ake tara 'yan wasa ta hanyar buɗe fakiti, ya kawo masa dala biliyan 1.62 a wasanninsa daban-daban. Ba ka faɗi sunan naka wasan ba, ba kuma sai ka faɗa ba, tsarin kusan ɗaya ne a ko'ina. Masu wannan sana'a sun san yawancin mutane ba za su taɓa biyan komai ba, 'yan tsiraru ne ke ɗauke da kasuwar, har suna kiran irin waɗannan da sunan ƙaton kifin nan na teku. Duk gyare-gyaren da ake yi wa wasa, da su ake tunani.

Ka tuna ranar da ka ari 5,000 ɗin nan. Ba ɗan wasa ka saya ba, sulalla ka saya, sannan da sulallan ka yi juyi. Wannan tsanin da aka sa a tsakani yana da aiki. In aka ce maka juyi ɗaya naira kaza ne, hannunka zai yi nauyi, domin ka san kwanon shinkafa nawa ne wannan. In aka ce sulalla 100, ba abin da zai motsa a ƙirjinka. Sannan a lura da yadda ake ƙulla su: sau da yawa abin da kake so ya ɗan fi ƙullin da ka saya, ko kuma ka gama a bar ka da ragowar da ba ta isa komai, sai ka ga asara ce ka bar ta, ka ƙaro. A saman allo kuma ga agogo yana ƙirga cewa saura kwana biyu a ɗauke ɗan wasan. Dillali ma haka yake yi a kasuwar Wambai in ya ce maka wani ya riga ya taya, bambancin kawai shi wannan dillalin a aljihunka yake kwana.

Na taɓa zama kusa da wani yaro a bakin shagon caji yana buɗe fakiti. Allon ya yi duhu, wani haske ya keto, sai ƙarar 'yan kallo. Tutar ƙasa ta fito, ta yi daidai da ta gwarzon da yake nema. Ya miƙe tsaye, wayar na jone da caja har igiyar ta kusa tsinkewa. Aka nuna gurbin da ɗan wasan yake bugawa, shi ma ya yi daidai. Abokansa suka taru a kansa, ba mai numfashi. Da fuskar ta bayyana sai ga wani daban, wanda ma yana da shi tuntuni. Ya koma ya zauna, ya goge tafinsa a wando, ya ce saura kaɗan. Kafin in bar wurin ya sake turawa.

Babu wani saura kaɗan. Injin ya riga ya yanke abin da zai ba shi tun lokacin da ya danna, hasken nan da tutar duk kwalliya ce da aka ɗora don zuciya ta buga. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi riƙe rai fiye da wanda aka tabbatar. B. F. Skinner ya nuna haka da tantabaru da ɓeraye tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce: tsuntsun da ake ba hatsi jefi-jefi ba bisa ƙa'ida ba ya fi naci wajen saran maɓalli, ko da an daina ba shi. A kan wannan aka gina injinan gidan caca, a kansa kuma aka gina akwatin sa'a na cikin gem, wato fakitin nan da ake buɗewa.

Yanzu ga lissafin da abokinka bai yi maka ba. A ɗauka damar fitowar ɗan wasan ɗaya ce cikin 100 a kowane juyi. Mutum zai zaci in ya juya sau 100 dole ya samu. Ba haka ba ne. In mutum 100 kowannensu ya juya sau 100, kusan 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. A irin wannan tsarin juyin yau bai san ka yi na jiya ba, naira 146,000 da ka zuba ba ta matso da kai ko taku ɗaya ba. Akwai wasannin da suke yin alƙawarin in ka kai adadi kaza za a ba ka, amma wannan ma farashi ne aka ɓoye a bayan sa'a, kuma an sa shi ne don wanda ya kai rabi ya kasa juyawa.

Har a kan wanda za a haɗa ka da shi an yi tunani. A 2017 kamfanin Activision, mai yin wasannin bidiyo, ya samu rajistar mallakar wata dabara a Amurka, wadda za ta iya haɗa sabon ɗan wasa da gwanin da ke riƙe da kayan da aka saya, don na ƙasan ya gani ya yi sha'awa. Kamfanin ya ce bincike ne kawai, bai sa ta a wasanninsa ba. Na kawo maka ita ne don ka ga irin zurfin da ake yi wajen nazarin kishin da ke tsakanin saurayi da saurayi.

Hukumomi ma sun lura. Tun 2017 Sin ta wajabta wa kamfanoni su bayyana yawan damar da ke cikin kowane akwatin sa'a. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta binciki wasu wasanni, har da FIFA 18, ta ce akwatin da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasar, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da kuɗin wasan a can. A ƙarshen 2022 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan tuhumar hukumar kare masu sayayya ta Amurka, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da hukumar ta ce an tsara maɓallai ta yadda za su yi sayayyar da ba su yi niyya ba. Mu kuma a namu ɓangaren, ka san ayar Suratul Ma'ida da ta haɗa giya da caca ta ce a nisance su, ka san kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato ka ba da kuɗi a kan abin da ba ka san me zai fito ba. Ni ba mai fatawa ba ne, ka kai wa malamin da ka yarda da shi ka kwatanta masa yadda juyin yake. Amma kai da kanka ka duba: ka biya tabbas, abin da za ka karɓa sa'a, in ka rasa ka ƙara don ka fanshe. Me ya rage?

Duk wannan bayanin ban yi shi don in wanke ka ba, ƙanina. An ɗana tarko da gwaninta, gaskiya ne, amma kuɗin amana ne, kuma hannunka ne ya taɓa su. Na ga ka san haka, tunda barci ya ƙaurace maka. Abin da nake so ka cire a ranka shi ne tunanin cewa kai wawa ne ko lalatacce. Wanda ya ɗauki kansa lalatacce ɓuya yake yi, mai ɓuya kuwa shi ke komawa juyi da tsakar dare.

Batun sayar da akawun, garin neman gira za ka rasa ido. Da farko sai ɗan wasan ya fito, mun kuma ga lissafin. In ma ya fito, 'yan wasan nan ba naka ba ne. Sharuɗɗan da ka danna ka amince da su ba tare da karantawa ba, a yawancin wasanni cewa suke aron amfani aka ba ka, kuma sun hana sayar da akawun, in an gano ana iya rufe shi. Kasuwar tasa a ɓoye take, a WhatsApp da Facebook, inda mai saye kan karɓi lambar sirri ya ɓace. Ga shi kayan ba ya ajiyuwa: bayan 'yan makonni za a fito da sabon kati da ya fi naka gudu, gwarzon da ka kashe dukiya a kansa ya koma benci. A wasu wasannin ma da sabuwar shekara ta kama kowa daga farko yake sake tari. Wanda ya san haka ba zai ba ka ko kusa da abin da ka zuba ba.

Bashin manhaja kuwa ruwa ne a kansa, wa'adinsa gajere, kuma an sha ganin masu irin wannan bashin suna bin lambobin da ke wayar mutum suna tura saƙon tozarci in ya makara. Ka yi tunanin irin wannan saƙon ya faɗa wayar Hajiya, ko ta dangin mijin ƙanwarka, ana saura mako biyu biki.

Ga abin da za ka yi daren nan. Ka buɗe bayanan asusunka da tarihin sayayyarka, ka ɗauki biro da takarda ka rubuta kowace fita da ranarta, da naira, har ka ga 146,000 ɗin ta cika a gabanka. Zai yi ciwo, amma daga ranar ka daina cewa ba ka san yadda aka yi ba. Ka cire katinka daga Google Play, ka goge lambar duk wani mai sayar da sulalla da kake tura wa kuɗi. In akwai sayayyar da ka yi ta Google Play cikin kwana biyun nan, ka nemi a mayar maka, wani lokaci ana dacewa, sai dai kada ka ɗora rai a kai. Sannan ka goge wasan. Na san akwai masu cewa a ci gaba da bugawa kawai a daina saye. Wannan shawara ce ga wanda bai taɓa kuɗin amana ba. Kai a yanzu duk buɗewar da za ka yi, agogon nan da tallan nan suna jiranka a shafin farko.

Sai Hajiya. Na san abin da kake tsoro. Ba faɗan ba ne, kallon da za ta yi maka ne, ita da ta zaɓe ka a cikin 'ya'yanta ta damƙa maka abin da ta yi wata da watanni tana zubi. Amma ka duba ta ɗaya gefen. Yau in ta sani, tana da lokaci: za ta iya rage wani abu a lissafi, ta jinkirta wani, ta yi magana da 'yan'uwanta, ta nemi kafinta ya karɓi kuɗinsa kashi-kashi. In kuwa sai ranar da ta tsaya gaban mai katifa ta ce maka tura, ka haɗa mata asara da kunya a bainar jama'a, ka kuma hana ta damar yin dabara irin tasu ta iyaye mata. Kowace rana da ka ƙara kana shiru, daga lokacinta kake ci.

Ka same ta ita kaɗai, bayan isha, lokacin da gida ya yi shiru. Kada ƙanwarka ta kasance a wurin, amarya ba ta da laifi a ciki, bai kamata ta shiga biki da wannan a ranta ba, sai in Hajiya ce ta ga dacewar ta sani. Ka durƙusa ka ce, Hajiya na ci amanarki, na taɓa kuɗin nan, ga abin da na kashe, ga abin da ya rage. Kada ka ce an yi maka kutse a asusu, kada ka ce wani ka ranta wa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma in ta gano daga baya, ƙaryar za ta fi kuɗin yi mata ciwo. Kada ka tsaya yi mata bayanin sulalla da fakiti, ka ce wasan waya ne mai kama da caca, ya isa. In ta yi faɗa ka yi shiru. In ta yi kuka kada ka tashi ka fita, ka zauna har ta gama. In kana ganin bakinka ba zai iya ba, ka fara samun kawunka ko babbar yayarku, wanda ka san Hajiya na jin maganarsa kuma yana da riƙon sirri, ya raka ka. Amma kai za ka faɗa da bakinka.

Kada ka je mata da ban haƙuri kaɗai. Ka tafi da 254,000 ɗin, a hannu ko ka tura inda ta ce, kada su sake kwana a wurinka. Ka tafi da tsarin biya a rubuce. A albashinka in kana cire 25,000 duk wata, wata shida za ka gama, biki kuwa ba zai jira wata shida ba, don haka sai ka nemo babban kaso tun yanzu. Wayar da ke iya ɗaukar irin wannan gem ɗin tana da daraja, kai kuma a harkar waya kake, ka san inda za a saye ta da mutunci. Ka sayar, ka riƙe ƙarama ta kira da saƙo zuwa bayan biki. Ka samu maigidanka ka roƙe shi ya ba ka wani abu daga albashin gaba, yana cira a hankali. Ba sai ka zayyana masa komai ba, ka ce bashin gida ne ya taso maka, kuma gaskiya ka faɗa.

'Yan majalisa za su tambaya. Ka ce ka daina sa kuɗi a gem, kada ka ƙara komai a kai. Za a yi tsokana kwana biyu a wuce wurin. Ba zan yi mamaki ba in daga baya wani ya ja ka gefe ya ce shi ma abin ya ci masa kuɗin da ba nasa ba, domin ba kai kaɗai kake zaune a bencin nan da wannan ciwon ba. In ƙwallon ce kake kewa, akwai gidan gem har yanzu, inda za ku ɗauki ƙungiyoyin da kowa ke da su daidai a ga mai yatsa.

Abu ɗaya nake so ka sa wa ido. In bayan ka goge wasan ka ga ka sake sauke shi a ɓoye, ko hannunka ya fara kai ka wajen cacar ƙwallo da sunan neman abin biya, to abin ya wuce ƙarfin niyya kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su, jerin da ya fara aiki a 2022, kamuwa da caca kuwa ta daɗe a ciki. Ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Kafin nan ka ba wani babba a gida damar ganin saƙon shiga da fitar kuɗin asusunka na 'yan watanni.

Allah Ya rufa asiri, Ya sanya albarka a auren ƙanwarka, Ya sanyaya zuciyar Hajiya. In kun yi maganar ka rubuto mini yadda kuka ƙare, da abin da aka samu a wayar, mu sake duba lissafin biyan tare.